Jar Fitilar Da Muka Rufe Wa Baki A Hanyar Kebbe

Makalarmu ta wannan mako daga gareji muka ɗauko ta, domin abin da ya same mu a bazarar da ta wuce yana samun gidaje da yawa a yankinmu na Tambuwal da Kebbe, sai dai kowa ya shanye nasa ya ce ƙaddara ce. Maganar a kan wata 'yar jar fitila ce da ke kunnuwa a gaban direba idan ruwan sanyaya inji ya yi ƙasa, musamman idan ta kunnu bayan an fito da mota daga wurin gyara.

Mu uku ne maza a gidanmu muka haɗa hannu. Aka sayar da sa guda, aka haɗa da kuɗin albasar rani, muka tafi Sakkwato muka sayo Golf tokumbo a wurin wani dillalin motoci, don Yayanmu ya riƙa ɗaukar fasinja tsakanin Kebbe da Tambuwal, wani lokaci har Jega. Dillalin ya nuna mana sabon lagireto yana ƙyalli, ya ce a garejinsa aka sa shi tare da sabon famfon ruwa, kuma da wannan ya kafa hujja ya ƙi rage mana ko sisi. Muka biya, muka kamo hanyar gida, wadda ta kusa kilomita 100 daga Sakkwato zuwa Tambuwal. Mun wuce Boɗinga ba mu kai Shagari ba, sai jar fitila ta fara ƙyaftawa. Yaya ya tsaya ya kira dillalin, shi kuwa ya amsa da dariya: "Haba Malam, ba komi. Sansa ce kawai, haka Golf take. Ku ƙara mata ruwa ku tafi." Muka ƙara ruwan leda biyu, fitila ta mutu, hankalinmu ya kwanta.

Bayan kwana uku ta sake kunnuwa. Yaya ya mayar da motar Sakkwato, wani yaron gareji ya ɗaga bonet, ya zare fulogin da ke jikin tankin ruwa, ya haɗa bakinsa biyu da guntun waya, ya naɗe da salatif. Ko minti biyar bai yi ba. Tun daga ranar fitilar ba ta ƙara damun kowa ba, har Yaya ya ba yaron na goro yana yaba gwanintarsa.

Mako biyu bayan haka, cikin zafin Afrilu, muka ɗauko gwaggonmu daga Kebbe. Tana da ranar ganin likita a Sakkwato, aka shirya mu kwana Tambuwal mu yi sammako. Bayan la'asar muka taso. Muna tsakiyar hanya motar ta fara rage ƙarfi, wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika ciki, tururi ya fara fitowa ta gefen bonet, inji ya mutu. Rana ta kusa faɗuwa, babu gari kusa, kuma duk wanda ya san halin tsaro a wannan yanki ya san me ake ji a zuciya idan magariba ta riski mutum a daji da tsohuwa marar lafiya. Gwaggo ba ta ce komai ba sai "Ɗiyana, mun kusa?" A kan babur aka ƙarasa da ita Tambuwal, ɗaya daga cikinmu yana riƙe da ita ta baya. Washegari wani dattijon bakanike a Tambuwal ya shiga ƙarƙashin motar, ya nuna mana kilif ɗin tiyon ƙasa wanda ba a ɗaure shi da kyau ba tun ranar da aka sa lagireton. Ta nan ruwan ke ɗiga a hankali, yana bushewa kafin ya taɓa ƙasa. Gasket ya ƙone, kan silinda ya lanƙwashe, motar ta yi mako uku a ajiye, kuɗin gyaran ya cinye abin da ya rage na sa da albasa, gwaggo kuma ta rasa ranarta sai da aka sake ba ta wata.

Ra'ayinmu a wannan makala guda ɗaya ne. Duk motar da fitilar ruwa ta kunnu a cikinta bayan gyara, to gyaran bai ƙare ba, kuma wanda ya karɓi kuɗin aikin shi ke da alhakin gano dalili. Kashe fitilar da waya yaudara ce, yarda da hakan kuma sakaci ne daga ɓangarenmu masu motoci. Don a ga cewa ba zafin asara ke sa mu faɗin haka ba, bari mu duba yadda abin yake aiki.

Inji wuta yake ci, kuma kaso mai yawa na ƙarfin man da yake ƙonawa zafi yake komawa. Ruwa ne ke zagayawa cikin jikinsa ya kwaso zafin, famfo ya tura shi zuwa lagireto, iska da fanka su huce shi, ya sake komawa. An ƙera yawancin injuna su yi aiki a wajen digiri 90, shi ya sa allurar Golf mai lafiya take tsayawa daidai kan 90. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, tazarar ba ta da yawa. Abin da ke faɗaɗa ta shi ne murfi. Lambar nan da muke gani a kan murfin lagireton motoci irin su Corolla, 0.9 ko 1.1, ma'aunin matsin da murfin ke riƙewa ce, kuma wannan matsin ne ke hana ruwan tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Ma'ana dai, hanyar ruwan mota rufaffiya ce. Mota mai lafiya ba ta shan ruwa kamar raƙumi. Idan ka ga direba kullum da jarka yana ƙara ruwa kafin ya bar tasha, akwai wurin da ruwan ke bi yana fita.

Ita kuma sansar da ake ɗora wa laifi, a Golf da Sharon abu ne mai sauƙi: ƙarafa biyu ne siraru da ke tsome cikin tankin ruwa. Muddin ruwa ya rufe su, lantarki na ratsawa daga ɗaya zuwa ɗaya, fitila na nan a kashe. Da ruwa ya sauka ya bar su a fili, sai hanyar ta yanke, fitila ta kunnu. Wayar da yaron nan ya haɗa ta maye gurbin ruwan ne, ta riƙa gaya wa motar cewa tanki a cike yake ko da babu ɗigo a ciki.

To me ke sa fitilar ta kunnu bayan gyara? Galibi ɗaya daga cikin abu uku ne. Na farko iska. Duk lokacin da aka zubar da ruwan mota don a canza lagireto ko famfo ko tiyo, iska na maƙalewa a lungunan inji. Bakanike ya zuba ruwa ya ga tanki ya cika, amma da mota ta yi tafiya ta ɗau zafi, tamostat ya buɗe, sai iskar ta taso sama, ruwa ya gangara ya cike gurbinta, tanki ya yi ƙasa. Wannan ba shi da haɗari idan an ƙara ruwa da wuri, kuma sau ɗaya yake faruwa ko biyu ya wuce. Na biyu yoyo: kilif da ba a matse ba, tiyo da ya tsage wajen cirewa, murfi da robarsa ta mutu, ko famfon da ba a zaunar da shi daidai ba. Mafi muni a cikin yoyo shi ne na ciki, inda gasket ya riga ya ci wuta ruwa yana shiga silinda ko yana haɗuwa da baƙin mai. Alamarsa farin hayaƙi ta salansa ko da inji ya yi zafi, ko baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara, ko kumfa ta riƙa tasowa a tanki. Na uku, ita sansar kanta, idan tsatsa da gishirin ruwan rijiya sun lulluɓe ƙarafanta. Wannan ma ana gane shi cikin sauƙi: fitila a kunne, ruwa kuma yana nan daidai kan layinsa kwana da kwanaki. Maganinsa a wanke ƙarafan ko a canza tankin.

Duk ukun ana iya bambance su ba tare da wata babbar na'ura ba. Da safe kafin a tayar da mota a duba layin ruwa a jikin tanki, a sa alama, gobe a sake dubawa. Akwai kuma wani ɗan famfon hannu mai agogo da ake ɗaurawa a bakin tanki a hura iska, idan allurarsa ta riƙa sauka, akwai yoyo, kuma matsin zai fito da ɗigon a gan shi da ido. Da an yi wa motarmu wannan gwajin na minti goma a ranar da Yaya ya mayar da ita, da sukundireba kawai za a sa a matse kilif.

Wani zai ce ai akwai allurar zafi, me ya sa ba mu lura da ita ba? Nan ma akwai tarko. Abin da ke auna zafin yana buƙatar ya kasance cikin ruwa. Idan ruwan ya ƙare ya bar shi a busasshe, allura na iya zama a wurinta ko ma ta sauka alhali inji na dahuwa. Kafin ta haura zuwa ja, sau da yawa aikin gama ya gama, domin kan silinda na motocin yanzu da alminiyam ake yin sa, ba ya jure zafi kamar ƙarfen tsofaffin injuna. Fitilar ruwa ita ce ke yin magana da wuri, ita kuma muka rufe wa baki. Masu Corolla da ire-irenta, waɗanda da yawansu ba su da wannan fitila sam sai allura, su idonsu ne fitilarsu, dole su riƙa ɗaga bonet.

Ba mu zo zagin kanikawa ba. Wanda ya gano ciwon motarmu ma bakanike ne, kuma bai taɓa zama a aji ba, kunnensa da hannunsa ne makarantarsa. Mun san halin da suke ciki. Bakanike yana aiki cikin rana a ƙarƙashin darbejiya, direba na tsaye a kansa yana cewa fasinja na jira a tasha. Idan ya ce a bar motar ta yi zafi ta huce a sake dubawa, sai a ce yana ɓata lokaci. Idan ya ce a sayi ruwan sanyaya inji na gaske, sai a ce ya haɗa baki da mai shago. Kayan gyara na jabu sun cika kasuwa, har da ruwa mai kala da ake ɗurawa a galan a kira shi kulan. Duk wannan gaskiya ne. Amma babu ɗaya daga ciki da ya halatta wa mutum ya haɗa waya ya ce ya gyara. Bakanike na iya cewa, "Alhaji, ban gano ba tukuna, kada ka yi doguwar tafiya," kuma wannan maganar ba ta cin kuɗi.

Haɗa wayar nan ɗan uwa ne ga wasu al'adu biyu da suka zama ruwan dare a garejinmu. Ɗaya ita ce cire tamostat da zarar mota ta shigo ƙasar, da hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Aikin tamostat shi ne ya riƙe ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, tsakanin digiri 80 da 90, sannan ya buɗe. Idan babu shi, inji na daɗewa bai ɗumama ba, musamman da asubahin hunturu, ya riƙa shan mai fiye da ƙima yana kuma saurin cinyewa. A wasu injunan ma shi ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya kauce wa lagireto, cire shi sai ya ƙara zafin da ake gudu. Ta biyu ita ce haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota har kashe ta. Duka biyun ana yin su ne don a ɓoye zafi ba tare da an nemo tushensa ba, wanda sau da yawa toshewar lagireto ce.

Toshewar kuwa daga ruwan da muke zubawa take. Gaskiya ne mu nan ba ma tsoron ruwa ya daskare kamar a Jamus inda aka ƙera Golf, kuma a daji idan ruwa ya ƙare, kowane ruwa mai tsafta ya fi babu. Amma kulan na gaske yana ɗauke da sinadaran da ke hana tsatsa da cin ƙarfe, yana kuma ƙara jinkirta tafasa. Ruwan rijiya da na rafi suna barin ɓawo a cikin siraran hanyoyin lagireto, irin wanda muke gani a gindin butar shayi. Kuma ko a kulan ɗin ba a gauraya iri da iri barkatai. Volkswagen na da nasa mai suna G11 da G12, kuma haɗa waɗannan biyun na iya yin kauri ya toshe hanya. A kuma kiyaye, sinadarin da ake yin yawancin kulan da shi guba ne mai ɗanɗanon zaƙi, kada a bar shi a buɗe inda yara ko awaki za su kai gare shi.

Me ya sa muke ganin maganar ta fi muhimmanci yanzu? Domin kuskuren da ake yi da araha a da, yau ya yi tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yunin shekarar, kuɗin tokumbo da na kayan gyara ya tashi, tunda kusan duk daga waje ake shigo da su. Gidan da injinsa ya buga a yau zai yi wuya ya sake sayen wani. Ga zafin yankinmu da ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, ga lodi fiye da ƙima, ga ramuka da ke sa a yi ta tafiya da ƙaramar giya, duk suna ƙara wa inji wahala. A birni idan mota ta tsaya, ɓacin rai ne da kuɗin janwe. A tsakanin Kebbe da Kuchi ko wani ƙauyen da babu sabis ɗin waya, tana iya zama maganar rai, domin wannan Golf ɗin ita ce motar asibiti ga mai naƙuda, ita ce motar kasuwa ga manomi.

Mai mota yana da haƙƙi, ko da yake yawancinmu ba mu san da shi ba. Dokar kare masu saye da gasar kasuwanci ta tarayya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, wadda kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda ya biya kuɗin aiki damar a yi masa aikin da inganci, idan an gaza a gyara kuskuren ko a mayar masa da wani ɓangare na kuɗinsa. Tun kafin ita ma, fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan garuruwanmu ya ba mai saye damar mayar da kaya idan aibin da aka ɓoye ya bayyana, ya kuma ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka bari a hannunsa. Amma mu da muka je wurin dillalin nan, me muka riƙe? Babu rasit ɗin da ya nuna an taɓa lagireto, babu shaida sai bakinmu. Ya ce mota lafiya lau ya ba mu, direbanmu ne bai iya ba. Muka dawo da kunya, don a al'adarmu neman takarda a wurin wanda kuka gaisa da hannu kamar zarginsa ne.

Nan ne laifinmu yake. Mun fi son a ce mana ba komai, domin ba komai ba ta da tsada a ranar. Mun ga ruwa ya ragu har sau biyu, mun ƙara da hannunmu, amma da aka kashe fitilar muka daina ɗaga bonet. Cikinmu akwai mai difiloma, ya iya bincika komai a waya, bai taɓa tunanin ya tambayi me waya ke yi a bakin fulogi ba. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Saboda haka ga abin da muke kira a kai. Mai mota, idan an taɓa hanyar ruwan motarka, kada ka bar gareji sai an tayar da ita ta yi zafi har fanka ta tashi da kanta, an leƙa ƙasa an ga babu ɗigo. Kwana uku a jere ka duba tanki da safe tun inji na sanyi. Idan ka ƙara ruwa sau ɗaya ya tsaya, iska ce ta fita. Idan ya ci gaba da sauka, mayar da motar, kuma ka ce a nuna maka inda yake zuba. Kada ka shirya doguwar tafiya a ranar da aka gama gyara, ba a fafe gora ranar tafiya. Idan fitilar ta kunnu a hanya, sauka gefe ka kashe inji, kuma kada ka kuskura ka buɗe murfi da zafinsa, domin ruwan da matsi ya danne zai yi tsartuwa ya ƙone fuska da hannu. Ka jira ya huce sosai, ka sa tsumma ka buɗe a hankali. Idan kuma za ka sayi mota a wurin dillali, murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga fitilun gargaɗi sun kunnu sun nuna suna raye, ka kuma leƙa fulogin tanki ka ga ko an yi masa ɗinkin waya.

Su kuma shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA da na direbobi ta NURTW a Tambuwal da Kebbe, abin da muke roƙo bai fi ƙarfinsu ba. A sa ya zama al'ada kowane gyara a rubuta shi a takarda ko da rabin shafi ne, da kwanan wata da abin da aka canza. A amince cewa motar da ta dawo da ciwo ɗaya cikin mako guda, wanda ya yi aikin zai duba ta ba tare da sabon kuɗin hannu ba. Kanikawan gareji guda su haɗa kuɗi su sayi famfon gwajin nan guda ɗaya su riƙa amfani da shi tare. A tasha kuma, motar da aka kashe wa fitilar gargaɗi kada ta ɗauki fasinja sai an gyara. Kwalejojin fasaha da ke kusa da mu, ta Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato da ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, za su yi wa yankin babban aiki idan suka riƙa shirya wa yaran gareji gajeren horo da Hausa a kan motocin zamani.

Golf ɗinmu ta dawo hanya da bashi a wuyanmu. Abu na farko da Yaya ya sa dattijon bakaniken nan ya yi, bayan an rufe inji, shi ne ya warware salatif ɗin, ya cire guntun wayar, ya mayar da fulogi mazauninsa. Wayar tana nan a aljihun motar, yana nuna wa abokansa direbobi a tashar Tambuwal. Gwaggo kuma ta ga likita, jiki ya yi sauƙi, sai dai har yau idan za ta shiga motar takan tambaya, "An duba ruwan?" Allah ya kiyaye hanya, ya sa mu dace.